Daga Allon Itace Zuwa Allon Gilashi: Tarihin Kayan Karatu da Wasa a Makarantun Zango

 

Ya 'yan'uwa mazauna zangunan ƙasar Gana, akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a zaurukan dattawanmu da ƙofofin masallatanmu, tun daga Nima da Sabon Zango na Akra har zuwa Kumasi da Tamale. Maganar ita ce ta waya da kwamfuta a hannun 'yan makaranta. Tun da gwamnati ta fara raba wa ɗaliban manyan makarantun sakandare kwamfutar hannu a shekarar 2024, iyaye suka rabu gida biyu. Wasu suna cewa abin da yaro yake buga wasa da shi ba zai zama abin karatu ba har abada. Wasu kuma suna cewa duk wanda ya hana ɗansa wannan na'ura ya rufe masa ƙofar arziki da hannunsa. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya, don haka muka ga ya dace mu duba yadda kakanninmu suka karɓi sababbin kayan karatu, da matsayin da suka ba wasa a cikin ilimi, kafin kowa ya yanke hukunci.

Mu fara da allo, domin shi ne na'urar farko da kowannenmu ya riƙe. A zango idan aka ce "makaranta" kawai, ta allo ake nufi, kuma duk wanda ya zauna a cikinta ya san hikimar da ke cikin wannan guntun itace. Ana rubuta darasi a kansa da alƙalamin gamba da tawadar da aka haɗa da baƙin gawayi da ƙaro. Yaro ba zai wanke allonsa ba sai ya biya wa malam abin da ke kai, malam ya gamsu. Wankin allo shi ne shaidar cin jarrabawa, sabon rubutu kuma shi ne hawa mataki na gaba. Saboda haka yara hamsin za su zauna a rumfa ɗaya, kowa da inda ya tsaya, mai sauri ba ya jiran mai nawa, mai nawa kuma ba a ja shi da ƙarfi. Masu ƙera manhajojin karatu na yau suna alfahari da cewa na'urarsu tana tafiya da kowane yaro gwargwadon fahimtarsa, kuma ba ta buɗe masa darasi na gaba sai ya ci na baya. Allo ya yi ƙarnuka yana yin haka, ga shi ba ya buƙatar caji.

A cikin wannan makaranta kuwa wasa yana nan tun daga ranar farko, ko da yake ba a kira shi da wannan suna ba. Ku tuna yadda aka koya mana babbaƙu. Malamanmu ba su bar haruffan Larabci da sunayensu na asali kaɗai ba, sai da suka raɗa musu sunayen Hausa bisa kamanninsu. Harafin aini idan ya zo a farkon kalma bakinsa a buɗe, sai aka ce masa an baki wofi. Idan ya shiga tsakiya ya rufe kamar abin da mahayi yake sa ƙafa, sai ya zama an likkafa. Ga ɗa mai hannu, wanda sandarsa take tsaye kamar an ɗaga hannu. Ga ba guje, ga lam jaye, ga ha kuri. Yaro ɗan shekara biyar wanda bai san kalmar Larabci ko ɗaya ba yana ganin harafi sai ya ga wani abu da ya sani a gidansu, yana rera sunayen tare da tsaransa har su zauna masa. Daga babbaƙu a wuce farfaru, inda ake sa wa haruffa wasali. Malaman da suka ƙago waɗannan sunaye sun fahimci cewa ilimin baƙon harshe yana shiga zuciyar yaro ta ƙofar harshen uwarsa, kuma abin da ya ba yaro dariya ba ya saurin mantuwa.

Haka lamarin yake a fannin lissafi. A ilimin hisabi kowane harafi yana da adadinsa: alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, ya 10, ƙaf 100. Marubuta waƙoƙin wa'azi sukan rufe waƙa da ramzi, wato kalmar da idan aka tara adadin haruffanta sai shekarar da aka yi waƙar ta fito. Warware ramzi kacici-kacici ne na masu ilimi, kuma ɗalibai sukan yi gasar lissafa adadin sunayen junansu. Wani malamin Katsina, Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan yadda ake jera lambobi a cikin gidaje masu kusurwa huɗu ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya. Mafi ƙanƙantarsu mai gida tara ne, ana zuba 1 zuwa 9, a tsaye da a kwance da a karkace duk su ba da 15. Masana lissafi na zamani suna ambaton aikinsa har yau, kuma irin wannan wasan lambobi yana cikin waɗanda ake sayar wa yaranmu a waya.

Waƙa ma kayan koyarwa ce. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta tsara ilimin addini a cikin waƙoƙin Hausa da Fulatanci, jajis ɗinta suka ɗauka da ka suka kai wa matan ƙauyuka. Littattafan nahawu da fiƙihu da yawa da muka karanta a zaure a waƙe suke, domin abin da aka rera ya fi abin da aka zuba saurin kamuwa.

A wajen makaranta kuma akwai dandali. Ranakun Alhamis da Juma'a na hutu ne, yara su saki jiki. Dara ana haƙa mata gurbi 30 a ƙasa, layi biyar na shida-shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wannan da tsinke wancan da tsakuwa. Wanda ya jera uku a layi ya ci ɗan abokin karawarsa, kuma jera huɗu ba ya ci. Mai son ya iya ta dole ya hango motsi biyu ko uku a gaba. Da iyayenmu suka zauna a ƙasar Asante, 'ya'yansu suka koyi oware daga maƙwabta, mai gurbi 12 da ƙwaya 48, wanda ba a cinsa sai da ƙidaya mai sauri. 'Yan mata suna da carabke, maza suna da langa, da dare kuma kaka ta zauna da tatsuniya da kacici-kacici. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bayyana a cikin Ihya'u Ulumiddin cewa ya kamata a bar yaro ya yi wasa mai kyau bayan ya taso daga makaranta, domin hana shi wasa da takura masa da karatu kullum yana kashe masa zuciya ya dushe masa basira.

Gaskiya ɗaya ce, ba kowane malami ne ya bi wannan nasiha ba. Dorina ta yi aiki a makarantunmu fiye da kima, kuma mun san mutane da dama da suka gudu daga karatu saboda ita. Haka nan malamai sun yi tsayin daka a kan duk wasan da kuɗi ya shiga cikinsa ko wanda yake sa a bar salla. Wannan iyaka da suka shata tsakanin wasa da caca tana da amfani a yau fiye da kowane lokaci, kuma za mu dawo kanta.

Yanzu mu dubi baƙin kayan da suka shigo. Na farko takarda. Yawancin tsofaffin littattafan da ke cikin gafakar kakanninmu a kan takardar Turai aka rubuta su. Wanda ya ɗaga irin wannan takarda ga hasken rana zai ga alamar jinjirin wata uku a jikinta. A arewacin Italiya ake yin ta, ta ratso Sahara a bayan raƙuma, fatake suka gangaro da ita ta hanyar goro har Salga a ƙasar Gwanja. Malamai suka karɓe ta duk da cewa Nasara ne suka yi ta. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya zauna a Salga har yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, sannan ya koma Kete Karachi inda ya yi limanci da koyarwa har rasuwarsa a 1934. Tun yana matashi ya wallafa littafin koyar da rubuta wasiƙa, mai ɗauke da samfurori da ɗalibi zai kwaikwaya. Ya ga cewa al'ummar fatake tana buƙatar wasiƙa kamar yadda take buƙatar fiƙihu, sai ya sa takarda da alƙalami su biya wannan buƙata. Almajiransa sun bazu a zangunan ƙasar nan, kuma salsalar karatun da yawa daga cikinmu tana komawa gare shi.

Na biyu injin ɗab'i. A nan an yi ja-in-ja. Kakanninmu da ruwayar Warshu suke karatu, da rubutun Magariba, inda fa take da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Alƙur'anin da aka buga a Alƙahira a 1924, wanda ya cika duniya daga baya, da ruwayar Hafsu yake da rubutun Gabas. Da ya iso hannun alhazai da 'yan kasuwa, tsofaffin alarammomi da yawa suka ƙi koyar da shi, domin ya saɓa wa abin da suka karɓa daga malamansu. Yadda aka warware matsalar abin lura ne. Gwanayen rubutu na Kano suka rubuta Alƙur'ani da hannunsu bisa ruwayar Warshu, aka ɗauki hoton shafukan aka buga dubbai. Inji ya yi aikinsa na yawaitawa da sauƙaƙa farashi, rubutun da almajiri ya saba da shi kuma bai canza ba. Har yau ana sayar da irin waɗannan bugu a kasuwanninmu.

Na uku baƙin allo na bango da alli da benci. Waɗannan sun zo tare da makarantun mishan, shi ya sa iyayenmu suka guje su shekaru masu yawa, suna tsoron kada a raba 'ya'yansu da addini. Tsoron yana da dalili, amma mun biya shi da tsada, domin an daɗe ana rabon ayyukan gwamnati babu 'ya'yan zango a layi. Sannu a hankali wasu malamai suka shigo da benci da aji-aji cikin makarantunsu, suka haɗa Larabci da Turanci da lissafi. A 1987 gwamnati ta kafa sashen kula da ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa, aka fara tura malamai masu albashi zuwa waɗannan makarantu. Bencin da aka yi wa kallon kayan Nasara jiya, yau a kansa ake haddar Alƙur'ani.

Na huɗu murya a cikin akwati. Gidan rediyo na farko a ƙasar nan an buɗe shi a Akra a 1935, kuma Hausa tana cikin harsunan da aka riƙa watsa shirye-shirye da su. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a watan Maris na 1957, mako guda bayan samun 'yancin Gana. Rediyo ya zama makarantar manya, ya riƙe mana daidaitacciyar Hausa a kunne a lokacin da harshenmu yake cuɗanya da Tuwi da Turanci. Daga baya kaset ya zo. A 1961 Shaihu Mahmud Khalil Alhusari na Masar ya naɗi Alƙur'ani cikakke, kuma muryarsa ta gyara wa dubban mutane tajwidi. Sai dai malamanmu sun lura da abu ɗaya tun da wuri: kaset yana karantawa, amma ba ya jin kuskuren mai bin sa. Shi ya sa ba a taɓa ba wani ijaza don ya saurari kaset ba. Sai ya durƙusa gaban malami ya biya.

A daidai wannan zamani maƙwabtanmu suka gwada abin da ya fi haka girma, wato su ɗora nauyin koyarwa a kan na'ura. A 1964 Jamhuriyar Nijar, da taimakon Faransa, ta fara koyar da 'yan firamare ta talabijin a wasu azuzuwa na yankin Yamai. Darasi yana fitowa daga akwati da Faransanci, mai kula da aji kuma ɗan taƙaitaccen horo kawai aka ba shi. Shirin ya jawo hankalin duniya, amma bai taɓa kaiwa ga yawancin yaran ƙasar ba. Kodebuwa ta ɗauki abin da faɗi a 1971, ta kafa cibiyar shirya darussa a Buwake, ta rarraba akwatuna a makarantun birni da ƙauye. Bayan shekara goma iyaye da malamai suka yi ta kukan cewa yara sun iya magana da Faransanci amma rubutunsu ya yi rauni, ga tsadar batura da gyara. A farkon shekarun 1980 aka rufe shirin.

Tarihi ya sake maimaita kansa da kwamfuta. A 2005 wasu masana a Amurka suka fito da shirin ba kowane yaro kwamfutar tafi-da-gidanka mai rahusa, da fatan yaro zai koyar da kansa. Ƙasar Peru ta sayi fiye da 800,000. Binciken da aka fitar a 2012 ya nuna yaran sun iya sarrafa na'urar, kuma an ga ɗan ci gaba a kaifin tunaninsu, amma sakamakonsu a lissafi da karatu bai ƙaru ba. A gefe guda kuma, a 2018 duniya ta ga hoton wani malami a Sekyedumase ta jihar Ashanti, wanda makarantarsa ba ta da kwamfuta, ya zana fuskar manhajar Microsoft Word da alli a jikin allo, dalla-dalla, don ɗalibansa su san abin da za a tambaye su a jarrabawa. Ga wuri mai na'ura dubu ɗari takwas da ƙarancin shiri, ga wuri mai malami da alli kawai. Sai annobar korona ta zo, aka rufe makarantun Gana a watan Maris na 2020, aka koma darasi ta talabijin da rediyo da waya. Kowa ya ga abin da ya faru a zango: gidan da yake da mai zaunar da yaro ya duba aikinsa ya amfana, gidan da yara shida suke jiran wayar uwa ɗaya, ga tsadar data ga ɗaukewar wuta, ya yi asarar kusan shekara.

Idan muka tattara wannan tarihi, abin da ya fito fili shi ne, duk kayan da ya shigo ya zauna a hannun malami kuma ya yi wa yaro magana da abin da ya sani, ya daɗe ya yi albarka. Takarda da ɗab'i da benci da kaset duk haka suka zauna. Wanda kuma aka kawo don ya tsaya a madadin malami, kuɗi ya ci ya mutu.

A nan ne maganar ta shafe mu fiye da sauran jama'ar ƙasa. Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnati ta amince a koyar a makarantun Gana, duk da cewa ana jin ta a kasuwannin ƙasar daga Bawku har bakin teku. Yaron zango yana karanta Turanci da Tuwi ko Ga ko Dagbani a makarantar gwamnati, ya karanta Larabci da yamma, Hausa kuwa sai a baki. Da can dandali da tatsuniyar kaka da sunayen babbaƙu su ne suke riƙe masa harshen. Yanzu waya ta karɓe lokacin dandali, kuma wasannin da ke cikinta da Turanci suke magana. Idan muka hana na'urar baki ɗaya, za mu maimaita abin da ya faru a zamanin benci. Idan muka sake ta yadda ta zo, jikokinmu za su gaishe mu da harshen da ba namu ba, kuma takardun ajami da ke cikin akwatunan gidajenmu za su rasa mai karanta su.

Hanyar da alarammomin Kano suka bi da injin ɗab'i ita ce abin koyi, kuma kayan aikin sun samu. Wayoyin yau suna rubuta ƙ da ɗ da ɓ. Tun 2016 aka shigar da fa da ƙaf da nun irin na rubutun Warshu cikin tsarin haruffan kwamfuta na duniya, kuma akwai salon rubutu mai suna Alkalami da aka ƙera bisa hannun marubutan Kano. Muna da samari a Nima da Aboabo da suka karanta ilimin kwamfuta a jami'a. Abin da ya rage shi ne a haɗa su da malaman allo da tsofaffin mata masu tatsuniya tun suna raye, a naɗi muryoyinsu, a mai da an likkafa da ɗa mai hannu wasan gane haruffa, a mai da ramzi da gidajen Alkashinawi wasan lissafi, a sa dara da kacici-kacici cikin gasar makarantu. Ƙasar da take tsayawa cak don kallon gasar kimiyya da lissafi ta 'yan sakandare, wadda aka fara tun 1993, ta san daɗin gasa, mu ma mun san shi a musabaƙar Alƙur'ani.

Ga iyaye da malamai kuma, ma'aunin da magabata suka bari ya isa. A tambayi yaro abin da ya koya a wasan, ya biya shi da baki ko ya rubuta da hannu, kamar yadda ake biya allo kafin a wanke. A sa wa na'ura lokaci kamar yadda aka sa wa dandali lokaci, kada ta ci salla ko barci. Duk wasan da ya nemi a zuba kuɗi don a ci kuɗi, sunansa caca ko da an yi masa ado da ƙwallon ƙafa, kuma mun ga samarin da wannan ya raba da jarinsu. Sannan kada makaranta ta sayi na'ura alhali malaminta yana bin albashin wata uku. A fara biyan malam, a horar da shi, sannan a miƙa masa na'urar.

Muna roƙon sarakunan zango da limamai da shugabannin makarantu su sa wannan magana cikin abin da za su tattauna a zamansu na gaba, kuma duk wanda yake da tsohon allon zayyana ko takardar ajami ko wasan yara da ya tuna, ya sanar da mu don a adana. Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya shirya mana zuriya, Ya ba su ilimi mai amfani.